LAFIYA UWAR JIKI: Gahawa Da Faɗuwar Gaba

Duk wanda ya san sanyin Jos a watan Disamba ya san dalilin da ya sa teburin mai shayi a unguwar Ali Kazaure ba ya rabuwa da jama'a tun daga sallar asuba. To, amma da yawa cikin masu cewa a ƙara musu Nescafé, hantsi na yi sai hannu ya kama rawa, gaba ya riƙa faɗuwa ba gaira ba dalili.

Abin da ke haddasa haka wani sinadari ne, watau kafeyin, mai kore barci da zaburar da zuciya. Ba ya kuwa saurin barin jiki, domin bayan kamar awa 5 rabinsa na nan cikin jini. A shekarar 2015 hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta bayyana cewa miligiram 400 a yini ba ya cutar da baligi mai lafiya, mai juna biyu kuwa kada ta wuce 200. Sai dai lissafin ba na gahawa kaɗai ba ne. Goro da shayi ma suna ɗauke da shi, nan ne kuma galibi ake yin tuya a manta da albasa.

Mai fama da wannan ya fara sa wani abu a ciki tukuna, ya rage cokalin sannu a hankali, gama yankewa farat ɗaya takan kawo ciwon kai. Bayan azahar ya haƙura. Idan ƙirji ya soma ciwo, lalle ya garzaya asibiti.