Kwale-kwale Mai Naɗewa: Da Wutsiya Ko Babu?

Mai ɗaki ɗaya a Agege ina zai ajiye jirgi? Shi ya sa na sayi kwale-kwale mai naɗewa, irin wanda kamfanin Klepper na Jamus ya fara ƙerawa a 1907. Cikin jaka yake kwana.

Wani abokina ya ce wutsiyar baya, wadda ake juya jirgin da ita da ƙafa, ta raggo ce. Ban yarda ba. A lagun ɗin Legas iska kan bugo daga gefe ta karkatar da jirgi, mai filafili kaɗai sai kafaɗarsa ta mutu. Ku saya da wutsiyar, amma ku fara koyon tuƙi babu ita. Igiyar tawa ta taɓa tsinkewa a tsakiyar ruwa, wallahi da ƙyar na kai gaɓa.