Majami'a ba ofishin jam'iyya ba ce

Yau maganar tawa a kan 'yan uwanmu Kiristoci ce, mabiya majami'un bishara, da yadda siyasa ke neman shiga tsakaninsu.

Tun ranar 26 ga Yuli 2023, da Janar Abdurahaman Ciyani ya sauke Mohamed Bazum, kowane taro a ƙasar nan ya samu sabuwar tambaya: kai na wane ne? Majami'a ma ba ta tsira ba. Wani yana ganin sai fasto ya ambaci sojoji da suna cikin addu'a sannan ya zama ɗan kishin ƙasa. Wani kuma da ya ji haka sai ya ce fasto ya sayar da mumbari. Wanda ya yi shiru, a ce ɗan koren Faransa ne. To, ina mutum zai sa kansa?

Na fahimci inda zafin ya fito. Kirista a Nijar ɗan tsiraru ne, kuma an daɗe ana yi masa gorin wai addinin Nasara ya ɗauka. Mishan ta SIM ta shigo Damagaram a 1924, daga baya ta kafa tashoshi har Dogondutsi da Gesheme, ta gina asibitin Galmi. Wanda aka yi wa irin wannan gori, idan zancen 'yancin ƙasa ya taso, yakan so muryarsa ta fi ta kowa don kada a yi shakkarsa. Babu laifi. Laifin shi ne ya mai da nasa ra'ayin ma'aunin bangaskiyar ɗan uwansa.

Sai kuma wayar hannu ta ƙara wa wutar itace. Wa'azin da ake turowa ta WhatsApp da Facebook, da yawansa ba namu ba ne. A Amurka, wajen kashi 80 cikin ɗari na fararen fata 'yan bishara Donald Trump suka zaɓa a 2016, kuma har yau majami'unsu na ta cacar baki a kai. A Najeriya, zaɓen 2023 da takarar Tinubu da Shettima, Musulmi biyu, ya sa wasu fastoci sun mai da ranar Lahadi ranar kamfe. Su can miliyoyi ne, in sun rabu kowane ɓangare zai cika ɗaki. A ƙauyen Arewa fa, inda masu sujada ba su wuce 'yan gidaje ba? Raba su biyu ka ga abin da ya rage.

Kuma ba yau aka fara ɗanɗana rabuwa ba. Ikilisiyar EERN ta taɓa darewa a wajajen 1990 kan rikicin shugabanci, har aka samu UEEPN da Salama. Amma a ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen jaridar Charlie Hebdo, babu wanda ya tsaya karanta allon ƙofa, balle ya tambayi katin jam'iyya. Tafiyar shugaba Isufu Mahamadu zanga-zangar Faris ce ta ƙara fusata mutane, waɗanda ba su je ko'ina ba su suka kwana a toka.

Mu 'yan ƙasar Sarauniya ya kamata mu fi kowa gane wannan. Ita da ta tari sojojin Bule da Shanuwan a Lugu a 1899, yau kowane mai mulki yana son jingina da sunanta, har lambar yabo aka yi da shi. Gwamnatoci nawa suka wuce tun lokacin? A gida ɗaya nan Arewa za ka iske Musulmi da Azne da Kirista suna cin tuwo a akushi ɗaya, su je suna tare, su je jana'iza tare.

Ba cewa nake Kirista ya tsame hannu daga siyasa ba. Ya yi ra'ayinsa, ya yi gardama a fada da kasuwa son ransa. Abin da nake roƙon fastoci da dattawan ikilisiya shi ne, a yi wa ƙasa da masu mulkinta addu'a ko su wane ne, ba tare da kirari ba. Masu kula da zaurukan WhatsApp na matasa da zumuntar mata kuma su daina barin bidiyon kamfe na wasu ƙasashe yana yawo ciki. In wani ya ƙaurace wa sujada saboda baƙar magana da aka gaya masa kan siyasa, a tashi dattawa biyu su same shi har gida kafin Lahadi ta zagayo.