Ɗaliban Tsibiri da Maraɗi Sun Cancanci Ganin Inda Maganin Zazzaɓi Ke Aiki

Duk damina, ma'aikatan lafiya kan bi gida-gida a Tsibiri, Maraɗi da Jiratawa suna bai wa yara masu wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar tsarin a 2012, Nijar kuma ta fara shi a 2013. Ana haɗa amodiaquine da sulfadoxine-pyrimethamine, wanda aka fi sani da Fansidar. Kusan kowace uwa ta san ƙwayoyin. Amma a tambayi ɗalibin da ke shirin jarrabawar BAK a fannin kimiyya inda maganin yake kama ƙwayar cutar, da wuya ya ba da amsa. Ba laifinsa ba ne. An koya masa enzayim da zanen kwaɗo da mabuɗi a kan allo, misalin da Emil Fischer ya kawo tun 1894, aka tsaya a nan.

Lokaci ya yi da makarantun sakandare da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo za su riƙa nuna wa ɗalibai ainihin siffar waɗannan sinadarai, domin yanzu kallonsu kyauta ne.

Enzayim furotin ne da ke hanzarta sauyin sinadarai a jikin mai rai. Doguwar sarƙa ce ta amino asid da ke naɗewa, ta bar wani ɗan lungu inda ake yin aikin, wato gurbin aiki. Ƙwayar zazzaɓi ta Plasmodium falciparum tana da wani enzayim mai suna DHFR, wanda ke sarrafa sinadarin folet da take buƙata don haɗa DNA. Pyrimethamine ya yi kama da abin da enzayim ɗin ke sarrafawa, sai ya shige gurbin ya toshe shi. Amino asid mai lamba 54, aspartet, shi ke riƙe maganin. In gurbin ya toshe, ƙwayar ba ta iya hayayyafa.

Ita ma cutar ba ta zauna ba. A lamba 108, ƙaramin amino asid mai suna serin ya kan sauya ya koma asparajin, wanda ya fi shi girma. Wannan ɗan ƙarin yana tokare zoben maganin mai ɗauke da kulorin, maganin ya kasa zama daram. Idan aka ƙara sauyi a lamba 51 da 59, ƙarfinsa ya ƙara raguwa, kuma wannan nau'i mai sauyi uku ya bazu a Afirka. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa rigakafin ke ci gaba da amfani a Sahel shi ne sauyin lamba 540 a enzayim ɗin DHPS, wanda sulfadoxine ke kaiwa hari, bai yawaita a yammacin Afirka ba kamar yadda ya yi a gabashinta. Ke nan lafiyar yaran Gobir da Katsinar Maraɗi ta rataya a kan 'yan ƙwayoyin zarra da ya kamata a riƙa sa wa ido.

Duk wannan ana iya ganinsa a waya. Rumbun Protein Data Bank, wanda aka buɗe a Amurka a 1971 da siffofi 7 kacal, yanzu yana da fiye da 200,000. Wanda ya shiga shafinsa ya rubuta 1J3J, zai ga DHFR mai sauyi a lamba 59 da 108, da pyrimethamine a cikin gurbinsa. Da manhajar Mol* da ke shafin zai juya shi da yatsa, ya matso kusa, ya auna tazarar da ke tsakanin maganin da asparajin. Mai kwamfuta kuma yana da PyMOL, ChimeraX ko Jmol. Bayanin da malami zai kwashe mako yana yi, ido zai kama shi cikin darasi guda.

Abin lura, ba Turai ce ta jagoranci fitar da wannan siffa ba. Masana ne a Tailan, ƙasar da ita ma ke fama da zazzaɓi, suka wallafa ta a 2003 ƙarƙashin Farfesa Yongyuth Yuthavong. Daga baya suka bi fasalin gurbin suka ƙera sabon sinadari, P218, mai lanƙwasawa ya kauce wa wurin da ya tokare, har aka kai ga fara gwada shi a jikin mutane.

Za a ce babu wuta, intanet na da tsada, wasu azuzuwan ma na zana ne. Gaskiya ne. Sai dai fayil ɗin siffa ɗaya bai kai nauyin gajeren bidiyon TikTok ba, kuma idan aka sauke shi sau ɗaya, kwamfuta na buɗe shi ba tare da intanet ba. Wasu kuma za su ce kallo ba ya maye gurbin ɗakin gwaji. Wannan ma haka ne, kuma dole ɗalibi ya san cewa hoton daskararre ne, alhali enzayim motsi yake yi, kamar yadda Daniel Koshland ya bayyana a 1958. Amma kafin a samu ɗakin gwajin, da babu gara ba daɗi.

Aikin a rabe yake. Jami'ar, mai ɗauke da sunan malamin kimiyyar sinadarai ɗan Maraɗi, za ta iya tara malaman sakandaren jahar lokacin hutu ta horar da su a kan siffofi uku ko huɗu da suka shafi rayuwar yankin. Bayan DHFR, akwai furotin ɗin da irin ƙuduji ke jin kusantar saiwar gero da shi, wanda aka fitar da siffarsa a 2015. Tun da kundin da aka ƙaddamar a 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya dace a rubuta jagorar darussan da Hausa.

'Yan jahar mazauna Kano, Abijan, Faransa ko Kanada su ma suna da rawar takawa. Tsohuwar kwamfutar da aka jingine a can, in aka haɗa ta da farantin sola da majigi, ta ishi aji guda a Tsibiri. Ɗalibin likitanci ko na haɗa magunguna da ke waje zai iya ware awa ɗaya a wata ya jagoranci darasi ta WhatsApp.

Yaran da suka fara shan rigakafin a 2013 yanzu sun kai shekarun sakandare. Su ne za su zama ma'aikatan jinya da masu binciken da za su gane ranar da maganin ya fara gazawa, kuma koyon hakan yana farawa ne daga ganin gurbin da idonsu.