Ɗafa-ƙeyar Girmamawa a Sunayen Japanawa

A Japan, ba kasafai ake kiran sunan mutum shi kaɗai ba, sai an liƙa masa ɗafa-ƙeya: san ga baƙo ko abokin aiki, sama ga mai sayayya, kun galibi ga yara maza da na ƙasa, chan kuwa ga jarirai da duk wanda zuciya ta kwanta da shi. Mai kiran suna ba ɗafa-ƙeya, abin da suke cewa yobisute, ko dai amini ne, ko kuma marar kunya.

A 'yan shekarun nan, wasu makarantun firamare na ƙasar suna umartar ɗalibai, maza da mata, su riƙa kiran juna da san, har suna hana laƙabi, don gudun cin zali. Niyyar kyakkyawa ce, amma a ganina an tafka asara. Yaron da ya tashi yana kiran kowa da san ya koyi ladabi, sai dai an toshe masa hanyar nuna wa aboki cewa ya fi sauran kusa da shi. Mai cin zali kuwa ba ya rasa makami. Da san ɗin ma yana iya yin izgili, in ya sauya murya.