Kafin ka yi odar sandar sirdin kekenka ta waya

Sandar da ke riƙe sirdin keken hawan tsauni ba abin da za ka zaɓa don kyan hotonsa a manhajar sayayya ba ne. Idan ta karye kana gangarowa a guje, jikinka ne zai gaya maka.

Fara da kauri. Galibin waɗannan kekuna milimita 27.2, 30.9, 31.6 ko 34.9 suke ɗauka, kuma yawanci lambar na nan a buge can ƙasan tsohuwar sandarka. Tsakanin 30.9 da 31.6 bai kai milimita guda ba, amma ya isa ya sa sirdi ya riƙa zamewa, ka yi ta ɗaure noti har bakin firam ya tsage. Firam kuwa ya ninka sandar tsada.

Ni a ganina alminiyom ne abin saye, musamman samfurin 7075 mai noti biyu a kai. Mai noti ɗaya kan bar hancin sirdi ya karkace idan ka faɗa rami. Kabon ba shi da nauyi, gaskiya ne, amma ɗaurin da ya wuce ƙima na iya tsaga shi ba ka lura ba. Kabon mai arha marar suna kuwa, bar musu kayansu.

Idan kai dogo ne, sayi mai tsawon milimita 400, don kada layin iyakar da ke jikinta ya leƙo waje. Ka shafa mata ɗan giris kafin ka zura ta, kada ta maƙale bayan damina.