Da masta ɗinka kake hawan keke?

Mu 'yan boko akwai wata kunya da muka ɗora wa kanmu wadda aljihunmu ba zai iya ɗaukar nauyinta ba, ita ce kunyar hawan keke. Ɗalibi zai yarda ya yi rabin awa a bakin get yana jiran mota, rana tana dukansa, ya shiga lakca a makare, amma ka ce masa ya sayi keke sai ya dube ka kamar ka zage shi.

Abin da ya taso da maganar, kwanan baya mun yi hira ta bidiyo a WhatsApp da abokaina uku da muka yi digirin farko tare, rabonmu da haɗuwa tun kafin bautar ƙasa. Ɗaya yana Legas yana rubuta manhaja daga ɗakinsa, ɗaya yana aikin banki a Abuja, ɗayan yana koyarwa a wata sakandare a Jos, ni kuma ina nan Ibadan ina fama da digiri na biyu. An taɓa ƙirƙirarriyar basira da ko za ta cinye mana aiki, an taɓa farashin sola da batir, an taɓa tsadar data. Amma duk inda hirar ta zaga sai ta dawo kan kuɗin mota. Na banki ya ce daga Mararaba yake shigowa gari kullum, kafin wata ya raba albashin ya fara tari. Malamin makaranta ya ce babur ɗinsa ya fi kwana a zaure fiye da kan titi. Da na ce ni keke nake hawa daga gida zuwa makaranta, sai dariya ta ɓarke. "Haba mutumina, da masta ɗinka? Sai ka ce mai tallan yogot!"

Ban ji haushi ba, raha ce ta abokai. Amma ku duba abin da ke ƙarƙashinta. Mutum huɗu sun yi awa guda suna kukan tsadar zirga-zirga, aka kawo abu ɗaya da ba ya shan mai, ba ya jiran NEPA, ba ya neman data, shi ne kuma ya zama abin dariya.

Mu yi lissafi. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne. A ce kana kashe naira 1,000 kacal a rana zuwa da dawowa, kwana biyar a mako. A wata 20,000 ke nan, a wata goma 200,000. Ɗalibin masta da ba ya karɓar albashi, ga kuɗin makaranta, ga buga kundi, ga fita tattara bayanai, daga ina zai fitar da wannan? Keke ɗan gwanjo mai giya sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, daga nan sai faci da man kaca da ɗan gyaran birki.

Abin mamaki, wannan raini ba gadonsa muka yi ba. Ku tambayi tsofaffi a gida. A da malamin makaranta ko ma'aikacin En'e da ya mallaki keke Rali, mutum ne da ake gaisarwa da ladabi, kekensa ma har ado ake yi masa. Abin ya juya ne a shekarun 1970 da kuɗin mai ya shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji a 1974, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. Daga nan keke ya koma hannun wanda bai samu ba.

A daidai waɗannan shekarun mutanen Holan suka bi kishiyar hanya. Motoci sun yi musu yawa, a 1971 kaɗai haɗarin mota ya kashe mutum sama da 3,000, cikinsu yara fiye da 400. Iyaye suka fito zanga-zanga, sai kuma rikicin man fetur na 1973 ya zo ya ƙara musu azama, gwamnati ta shiga gina wa keke hanyarsa daban. Yau kekunan ƙasar sun fi mutanenta yawa, kuma Mark Rutte da ya yi shekaru yana firaminista an sha ɗaukarsa hoto a kan keke zai tafi ofis. Abokina na Legas, wanda ya fi kowa dariya, burinsa shi ne ya samu aiki a irin waɗannan ƙasashen. In Allah Ya cika masa burin, wallahi na san hoton farko da zai turo mana a kan keke zai ɗauke shi.

Kuma ko a Legas ɗin, mene ne ya rage bayan hayaniyar fasaha? Kamfanonin okada na manhaja irin su Gokada sun zo da kuɗin masu zuba jari, gwamnatin jihar ta hana okada a manyan sassan birnin a Fabrairun 2020, dole suka koma kai saƙo. Yanzu da yawa daga cikin samarin da ke kai wa mutane abinci da jaka a baya, keke suke tuƙawa. Wato manhajar tana waya, amma feda ce take kai tuwon.

To, ba ina cewa keke maganin kowa ba ne. Ba zan ce wa na Mararaba ya hau keke ya shiga cunkoson Nyanya ba, wannan ganganci ne. A 2001 ministan sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, har ya hau da kansa zai tafi taron majalisar zartarwa a Abuja, mota ta ture shi cikin kwata. Ƙasa ta yi ta dariya, aka rufe maganar. Alhali abin da faɗuwar ta nuna shi ne titunanmu ba a gina su da mai keke a rai ba, kuma kira kawai ba ya gyara titi. Ga kuma tudun Ibadan, wanda ya taɓa hawan Mokola da ƙafa ma ya san zancen. Ga ruwan sama, ga zufa, ga direbobin Micra da ba su san akwai wani mahaluki a gefen hanya ba.

Shi ya sa nake ganin harabar jami'a ce wurin farawa. Tafiyar gajera ce, daga ɗakin kwana zuwa sashe zuwa laburare zuwa masallaci. Motoci ba sa gudu sosai, akwai get, akwai masu gadi. Abin da ake buƙata bai kai kuɗin fentin ofis ɗaya ba. A kafa ƙarafan ɗaure keke a gaban laburare da ɗakunan kwana, kusa da inda mai gadi yake zama, don tsoron sata shi ne abu na farko da ke hana ɗalibi saye. A ba mai faci rumfa ɗaya a ciki. Ƙungiyoyin ɗalibai da ke tara kuɗi don liyafar ƙarshen shekara su gwada bashin keke, a riƙa biya kaɗan-kaɗan.

'Yan'uwanmu mata kuma nasu ya fi namu nauyi, don su bayan raini har da surutu. A Wagadugu mata da zanensu da ɗankwalinsu suke hawan keke zuwa kasuwa, ba wanda yake waiwayowa. A cikin makaranta aƙalla ya kamata a bar wadda take so ta hau ba tare da an mai da ita labari a gurup ba.

Duk lokacin da zaɓen ƙungiyar ɗaliban gaba da digiri ya zo, 'yan takara za su shigo mana da alƙawarin intanet kyauta kamar yadda suka saba. Ni dai tambayata gare su ɗaya ce, a ina zan ɗaure kekena in na shiga laburare?