Kazar Talaka Ma Dukiya Ce

Ya ku 'yan'uwa talakawan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, yau maganar kaza za mu yi. Mun sani wani zai yi tsaki ya ce, ana ta rai su kuma sun kawo zancen akurki? To, a yi haƙuri a saurara. Duk wanda ya shiga ƙauyukanmu ya dubi turaka ya riga ya ga dalili. Turke na nan, igiya na nan, sa babu. Ɓarayin daji sun kore shanun huɗa, sun haɗa da tumaki da awaki. Abin da suka bar wa mata da marayu shi ne 'yan kajin nan da ke tono a bayan danga, domin ɓarawo ba ya kora kaza zuwa dajin Rugu.

Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da Gwamnatin Jihar Katsina ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, har da namu ukun nan, aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma yanke layukan waya. Mai rago ya rasa inda zai kai shi. A gidaje da yawa ƙwai da 'yan sagaru ne suka sayi gishiri da sabulu da maganin zazzaɓi. Ashe kaza ita ce bankin matar ƙauye, bankin da ba ya neman sa hannu.

Ku dubi yadda take. Da asuba a buɗe akurki, ta fita ta nemo abincinta da kanta: gara da fara da tsutsa da ɗanyen haki da tsabar da ta zube a masussuka. Da maraice a watsa mata 'yar dusa ta dawo. Takan yi ƙwai sau 3 a shekara, kowane zubi kamar 10 zuwa 15, ta yi kwanci kwana 21 ta fito da 'yan tsaki. In damina ta sauka zabi suka fara zubawa, ita ce dai ake sa wa ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe cikin mako 4, ta yi reno kamar nata. Gaskiya ne kazar gidan gona tana ba da ƙwai kusan 300 a shekara, amma fa kowace loma tata saye ake yi. Da masara ta yi tsada a 2023 da 2024, gidajen gona da yawa suka rufe, kiret na ƙwai 30 ya haura naira 5,000. Kazar sake ba ta san an yi ba.

Sa'an nan ga kyan ƙwan kansa. Ku fasa na kazar sake a kasko ku ga gwaiduwa jawur kamar manja. Ɗanyen ganye da jar masara ne ke ba ta wannan launi, don haka mai son gwaiduwa ta yi ja da rani sai ya riƙa zuba wa kajinsa ganyen zogale. Launin ɓawo kuwa daga irin kazar yake fitowa. Kazar gida tana yin fari mai ruwan madara, kazar nan Shika Brown da malaman binciken dabbobi na Shika kusa da Zariya suka fitar tana yin ja-ja, na zabuwa mai ɗigo-ɗigo ne ga taurin ɓawo, har a ƙasar Chile akwai mai yin shuɗi. Muna faɗin wannan ne domin kada a ruɗi kowa: amfanin jan ƙwai da fari a jiki ɗaya ne. Abin dubawa shi ne sabunta. A jefa a ƙwaryar ruwa, sabo ya nutse ya kwanta, baragurbi ya taso sama.

To, ina matsalar take? Kowa ya sani. Da zarar iskar hunturu ta kaɗa, annoba ta shigo gari. Kaza ta yi tsuru, fukafukai su sauka, ta yi koren kashi, wuya ya murɗe, kafin mako ya zagayo akurki ya zama fayau. Likitocin dabbobi suna kiran cutar da sunan Newcastle, wani gari a Ingila inda aka gane ta wajen shekara ɗari da ta wuce. In ta kama babu magani. Barkono da maɗaci da ƙwayoyin kyamis da muke jiƙa musu ɓarnar kuɗi ce. Amma akwai rigakafi, kuma a ƙasar nan ake yin sa, a ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos. Akwai irin da ake kira I-2, wanda masana a Ostareliya suka fitar musamman saboda kajin ƙauye. Yana jure zafi fiye da sauran, ya yi kwanaki ba firji muddin an ajiye shi a inuwa cikin jiƙaƙƙen ƙyalle. Babu allura. Ɗigo ɗaya ne a idon lafiyayyar kaza, duk wata 4. A Mozambik da Tanzaniya mutanen ƙauye aka koya wa, har da mata, suna bi gida gida suna ɗigawa ana ba su ɗan lada.

Mu tambayar da muke yi ita ce, me ya hana a yi haka a Yankara da Daudawa da Mairuwa? Amsar tana cikin tarihi. A 1924 aka kafa Vom domin yaƙi da bushiya, cutar shanu. Zamanin En'e ana ƙirga shanu ɗaya bayan ɗaya saboda jangali, malamin dabbobi yana bin ruga ruga da allura, har aka wayi gari a 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya. Madalla da wannan aiki. Amma kaza ba ta taɓa biyan jangali ba, don haka ba ta shiga littafin kowa ba. Jangali ya tafi, halin bai tafi ba. In an ce taimakon masu kiwon kaji, mai kaji dubu da rajista da shinge ake nufi. Mai kaji bakwai sai dai ta ji a rediyo.

Saboda haka muna kira ga hukumomin ƙananan hukumomin nan uku da Gwamnatin Jiha da su yi abu uku. Na farko, a kawo maganin ɗigon nan a ajiye a ofishin malamin dabbobi, a fara ba da shi tun kaka kafin hunturu, a kuma yi shela ran kasuwa. Na biyu, kowace mazaɓa a koya wa mata biyu ko uku aikin, domin su ke shiga gidajen kulle, kuma a inda hanya ba ta da lafiya ɗan gari ne kaɗai ke iya kaiwa. Na uku, duk sa'ad da za a ciyar da 'yan makaranta da ƙwai, a fara saye daga hannun matan garin kafin a ba ɗan kwangila ya ɗauko daga nesa.

Mu ma 'yan kasuwa muna da namu laifin, kuma tilas mu faɗa. In annoba ta shiga ƙauye, mata kan yi gaggawar fitar da kaji, mu kuma mu saye a wulaƙance mu cusa a keji ɗaya da masu lafiya, mu kai Sheme ko Ɗandume ko Funtuwa. Da hannunmu muke raba cutar gari gari. Ribar yini ɗaya ce, asarar shekara. A daina sayen kaza mai ciwo, a wanke keji bayan kowace kasuwa, a daina cakuɗa tsohon ƙwai da sabo. Ku kuma iyayenmu mata, sabuwar kaza daga kasuwa a ware ta mako 2 kafin ta shiga cikin na gida. Wadda ta mutu a binne ta, kada a jefa a juji. 'Yan tsaki a kife su da kwando makonnin farko saboda shaho, akurki a toshe shi da dare saboda muzuru. Kuma kada a kai ƙwai duka kasuwa, a dafa wa yara, don camfin nan cewa ƙwai yana sa yaro sata ba shi da tushe.

Ba mu ce kaza za ta maye gurbin shanun da aka kore ba, ba kuma za mu daina neman a tsare mana rai da gona ba. Amma iyayenmu da kaza suke sayen akuya, da akuya su sayi maraƙi. Wanda aka mayar da shi farko, daga akurki zai sake tashi. Kada mu jira sai an kawo mana. Masu kaji na kowace unguwa su haɗa kai su tara ɗan abin da ya sawwaƙa, su tura mutum wurin malamin dabbobi ya tambayi maganin ɗigo da sunansa, in an ce babu a koma mako mai zuwa a sake tambaya. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.